Wuyan da Na Kasa Wankewa

Shekarun baya, kafin gwiwar nan tawa ta fara yi mini gardama, wani abu ya same ni a nan Agege. Ni ban taɓa shiga ajin boko ba, jikata ce ke riƙe da waya tana dannawa ina faɗa, kuma na gaya mata sai ta karanta mini kafin ta saki, don kar a ƙara mini gishirin da ban zuba ba. Sannan ban buɗe baki ba sai da ɗiyar mai abin ta ce, "Inna, faɗi, ko wani ya amfana."

Ni mai wankan gawa ce. Ba sana'a ba ce, ba a biyana, gado ne daga gwaggona. Duk matar da ta rasu daga layinmu har bakin titin jirgi, ƙofata ake fara bugawa. Ba yabon kai ba, amma a lokacin ba wanda ya taɓa kushe aikina. Na san yadda ake dama ganyen magarya ya yi kumfa, na san inda ake sa kafur a wankan ƙarshe, na san yadda ake juya mamaciya ba tare da zanen da aka rufa mata ya zame ba. Kuma ƙa'idar farko da gwaggona ta koya mini ita ce, abin da idonki ya gani a ɗakin wanka a nan yake mutuwa. Ba miji, ba ɗa, ba ƙawa.

To, sai ƙawata ta rasu. Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo mu daga Arewa muna sababbin aure, mazajenmu duka mahauta. Ita abinci take sayarwa a wata rumfa kusa da kwata a Oko-Oba: tuwo, miyar kuka, farfesun kayan ciki. Mace ce mai jiki, mai dariya, kullum da ruwan leda a hannu tana cewa zafin Ikko ne. Tsaftarta kuwa har mahauta na yi mata tsiya, suna kiran rumfarta asibiti, don kwano ɗaya sai ta ɗauraye shi sau uku. Wani ɗan miki ne ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya ci gaba da ci, har abin ya zama ajali.

Ran da za mu wanke ta da hantsi, abokiyar aikina mai zuba mini ruwa ta tafi Ikorodu wankan jegon 'yarta. Sai aka haɗa ni da wata maƙwabciya, matar wani mai sayar da fata, yarinya ce da ba ta taɓa ganin gawa ba.

Na tsefe kitson ƙawata, na juya ta ta gefen hagu don in fara da dama. Sai na ga wuyanta. Daga ƙeya ya zagayo gefe da gefe, baƙi ƙirin, ya fi sauran jikinta duhu nesa ba kusa ba. Na taɓa. Fatar ta yi kauri, amma da taushi, kamar karammiski. Tun da muka dawo daga Makka muka shiga hijabi rabona da ganin ƙeyarta, kuma a da, lokacin da muke yi wa juna kitso, na san babu wannan.

Na taɓa ganin irinsa a jikin wasu mata, amma duk masu doguwar jinya ne, sai in ce dauɗar kwanciya ce in wuce. Amma wannan ƙawata ce, wadda ke wanka sau biyu da soso ko ruwa ya yi tsada. Raina ya ce ba za a kai ta gaban Ubangiji da datti a wuya ba, kuma daga hannuna. Na naɗe tsumma na sa sabulu na cuɗa. Na sake. Aka yi wanka uku, na ce a ƙara ya zama biyar. Ina cuɗawa ina zufa. Sai na ji bakina ya ce, a fili, "Ikon Allah, wannan ba ya fita."

Yarinyar ta ce, "Inna, mene ne?"

Na ce, "Zuba ruwa."

Amma ta riga ta leƙa.

Kafin sadakar bakwai magana ta gama unguwa, kuma ba yadda ta fita ta dawo ba. Da farko an ce wuyan Hajiya ya yi baƙi a wajen wanka. Sai wani mai wayo ya lura cewa wuya ai nan wuƙa ke sauka. Daga nan sai aka haɗa: wai shanun da ke mutuwa a cikin tirela kafin su iso, naman su take saye a ɓoye tana yi wa mutane miya, shi ya sa Allah ya sa mata alama daidai inda ba a yanka ba. Ga mahauci kuwa, ka ce masa ya ci mushe, gara ka zagi iyayensa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna lashe kwanonta suka fara tofar da yawu in sun wuce rumfar.

Ɗiyarta, wadda ta ci gaba da rumfar, ta zo gidana da la'asar. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Inna, jiya tukunya biyu na dawo da su gida. Ba tuwon ne ya dame ni ba. Ke kika wanke ta. Ki gaya mini, gaskiya ne?"

In na ce ban ga komai ba, na yi ƙarya. In na ce na gani, na tona mamaciya kuma na tabbatar musu. Sai na ce, "Uwarki mai tsafta ce, tashi ki tafi." Ta yi mini wani irin kallo. Ta gane na kauce.

Ni na san ƙawata ba ta taɓa dafa mushe ba, don sau nawa ina zaune tana mayar da nama saboda ba ta ga wanda ya yanka ba. Amma sanin hakan bai gaya mini mene ne a wuyanta ba. Ni kuma Allah ya yi ni da son sanin abu. In tambaya ta shige mini kai ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Na zauna na yi lissafi irin na wadda ba ta je makaranta ba. Na ce, in alamar azaba ce, bayan mutuwa za ta fito. In kuwa na same ta a wuyan mai rai, yana tafiya yana ci yana sha, to maganarsu ta rushe. Saura kwana talatin da 'yan kai a yi sadakar arba'in, ranar da duk matan mahauta za su taru a gidan. Na ce kafin ranar sai na sani.

Sai na shiga farautar wuya. Matanmu hijabi ya rufe komai, don haka na koma kan Yarbawa masu rigar buba mai faɗin wuya, da kuma maza. Na gano ba inda ya kai kujerar baya a danfo, motar hayar nan ta Ikko, duk ƙeyar motar tana gabanki. Na riƙa hawa zuwa kasuwar Mile 12 ba abin da zan saya, in dawo da albasa uku don kar a tambaye ni a gida. Surukata har ta fara ce wa ɗana, "Anya Mama lafiya? Albasa ta cika ɗaki."

Kuma na samu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da farko na ce hayaƙin itace ne, tunda ƙawata a bakin murhu ta ƙare rayuwarta. Sai ga wani direba, ƙeyarsa ninki uku, baƙa kamar gindin tukunya, wanda da gani bai taɓa hura wuta ba. Na ce to sarƙa ce, irin ta ƙarfe mai cin fata. Sai ga wani dattijo mai sayar da doya, shi da sarƙa sai dai a mafarki. Na ce man bilicin ne, sai na tuna ƙawata baƙa ce mai taƙama da baƙinta, man kaɗanya kawai ta sani. Na lura yawancinsu masu jiki ne, na ce na kama. Washegari na ga masu jiki biyar wuyansu tas, na kuma ga wata 'yar makaranta da ba ta kai su ba, nata ya fara. Duk abin da na gina da safe sai ya rushe da yamma.

Wata rana wata mata ta zauna a gabana, nata sak irin na ƙawata. Ina kallo, ina kallo, sai hannuna ya tafi da kansa. Na shafa.

Ta juyo kamar an ɗana mata wuta, ta ce da Yarbanci, "Alhaja! Sarƙa kike nema? Yau ban saka ba!"

Mota ta kwashe da dariya, kwandasta har yana buga ƙofa. Ni da ake tashi a ba ni kujera. Na haɗiye kunya na ce mata, da Yarbancina na kasuwa, "Yi haƙuri 'yata, tambaya ce da ni. Tun yaushe?"

Sai jikinta ya yi sanyi. Ta ce ya fi shekara biyar. Ta ce ba man da ba ta shafa ba, har garin sabulun wanki ta sa, mijinta kuma kullum cewa yake ba ta iya wanka ba. Muka rabu a tasha tana ce mini in na samo magani in neme ta a layin masu tattasai.

Na samu mai rai, amma na san matan unguwarmu. Za su ce ai wannan Bayarbiya ce a mota, wa ya san abin da ta ci. Sai na tuna da mutum ɗaya da ke ganin ƙeyar kowace Bahausa a layinmu: mai kitsonmu, wata 'yar Nijar da ta daɗe a nan. Na je na zauna tsakanin ƙafafunta kamar kullum, na bari ta fara tsaga, sannan na ce, "Ke da kike ganin ƙeyar mutane, kina ganin wani baƙi mai kauri kamar karammiski?"

Ta ce, "Hajiya, mu ma muna da namu sirrin, kamar ku."

"Ban ce ki kira suna ba."

"To akwai. Da yawa ma." Hannunta ya tsaya a kaina. Can ta ce, "Hajiya, in faɗi wata magana ba za ki yi faɗa ba?"

Na ce, "Yaushe na taɓa faɗa?"

Matan da ke jiran layi suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Ke ma akwai. Ya kai shekara uku."

Na ce ƙarya take. Ta ɗauko madubi biyu, ta ba ni ɗaya ta riƙe ɗaya a bayana. Jama'a, ga shi nan. Bai kai na ƙawata ba, amma shi ne. Na yi sati uku ina biyan kuɗin mota ina leƙen wuyan bayin Allah, ashe abin yana bayana yana bi na duk inda na je. Na ce mata, "Shekara uku, ba ki gaya mini ba?" Ta ce, "Hajiya, wa zai ce miki wuyanki da datti ya kwana lafiya a unguwar nan?"

Kun san abin da na yi da na koma gida? Ni da na ga sabulu da magarya sun kasa da idona? Na ɗauko soso, da lemon tsami, da kanwa, na shige banɗaki. Kwana biyu ina dirza har wurin ya saɓule, hijabi ma in ya taɓa sai na yi ƙara. Baƙin yana nan, na dai ƙara masa miki. Da ɗana ya gani ya ce wa matarsa gobe ta kai ni asibiti ko ina so ko ba na so.

Likitar yarinya ce Bayarbiya, ba ta kai 'yar autata ba. Ta ɗaga mini hijabi ta duba ta ce, "Mama, wa ya yi miki wannan aika-aika?" Na ce wata ce a gidanmu. Surukata ta kalli silin.

Ta duba hammatana, ta tambayi nauyina a da da yanzu, ta tambaya ko akwai mai ciwon suga a danginmu. Sannan ta yi mini bayani, kuma na sa ta maimaita har sau biyu don in riƙe. Ta ce ba datti ba ne, fatar ce da kanta ta yi kauri. Akwai wani abu da jiki ke yi, insulin sunansa, aikinsa ya buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In jiki ya fara yi masa taurin kai, sai a yi ta ƙaro shi, yawan nasa kuma shi ke sa fata ta yi kauri ta yi duhu a inda take naɗewa, wuya da hammata da matsematsi. Ta ce ƙiba na kawo shi, yana bin dangi, wasu magunguna ma na tayar da shi, haka wasu matsalolin mata. Ta ce kuma ba kowane baƙin wuya ne wannan ba, akwai na man bilicin, akwai na turare ko sarƙa, akwai ƙyasbi, shi ya sa ba a zama a gida a yi canke. In kuma ya fito wa tsoho farat ɗaya yana ramewa, wannan a ruga asibiti.

Na ce, "To maganinsa?"

Ta ce, "Ba a banɗaki yake ba, Mama, a kwanonki yake." Ta ce a auna jini, a rage sukari da tuwo, a riƙa tafiya, nauyi ya sauka. In sukarin ya hau a sha magani. Akwai man da za ta rubuta ya sassauta fatar, amma sai mikin da na yi wa kaina ya warke, kuma shi kaɗai ba ya isa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Likita, yana iya fitowa bayan mutum ya mutu?"

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Mama, fatar mamaci ba ta girma. Wannan shekaru yake ɗauka." Na ce to in mutum na da shi, kuma kullum yana jin ƙishirwa, kuma miki ya ƙi warkewa a ƙafarsa? Ta ce wanda ba ta gani ba ba za ta yanke masa hukunci ba, amma in mai rai ya zo mata da haka, jininsa za ta fara aunawa kafin ya zauna.

Washegari na koma ban karya ba aka ɗebi jini. Aka ce ban shiga ciwon suga ba tukuna, amma ina bakin ƙofa da takalmi a hannu.

Yanzu na sani, amma bakina a ɗaure yake. Ba ni da ikon cewa ga abin da na gani a jikin ƙawata. Na juya abin na juya, sai na ga akwai wuya ɗaya da nake da ikon tonawa.

Ranar arba'in tsakar gidan ta cika da mata, ana rabon waina da gumba, ana magana ƙasa-ƙasa. Wasu ko wainar ba su taɓa ba, sun naɗe a leda, na san a kwatami za su zubar. Bayan an shafa addu'a na miƙe. Na cire hijabi, na cire ɗankwali, na juya musu baya. Ni da ko jikokina ba su cika ganin kaina a buɗe ba.

Na ce, "Ku matso ku duba. Kar ku ji tsoro, da raina."

Na ce, "Cikinku wa zai ce na taɓa cin mushe ko na ciyar? Ta faɗa yanzu ina jinta." Ba wadda ta yi tari. Na gaya musu abin da likita ta ce, yadda na riƙe shi, na ce kowace ta ɗaga hijabin ta kusa da ita ta duba.

Da farko ba wadda ta motsa. Sai wata tsohuwa ta fizge na ƙanwarta ta ce, "La ila, ke ma!" Sai gida ya kacame. Wannan na leƙa wannan, wannan na rufe ƙeya da hannu tana cewa ita gado ne. Can matar wani dattijon mahauta, wanda shi ya fara ƙaurace wa rumfar, ta ce da ƙarfi, "Wallahi na Alhajina ya fi na kowa, har filo yake ci mini!" Aka yi dariyar da ba a saba yi a gidan makoki ba.

Maƙwabciyar nan da ta zuba mini ruwa tana rakuɓe a bakin ƙofa. Nata wuyan tas yake. Ta ce, "Inna, ni abin da na gani na faɗa wa yayata, ban ce mushe ba." Na ce, "Na sani. Abin da na yi kika gani. Da na wuce wurin da tsumma sau ɗaya, da ba ki leƙa ba. Laifina ya riga naki." Ban taɓa faɗin irin wannan a gaban mutane ba, kuma ban sake ba.

Ban ce duka suka dawo rumfar ba. Akwai waɗanda har yau ba sa cin abincin rumfar, don mutum in ya riga ya tofar da yawu yana jin nauyin dawowa. Amma cikin satin dattijon nan ya je ya zauna a kan benci ya ce a zuba masa malmala biyu, ɗiyar ta ce ɗaya za ta ba shi saboda ƙeyarsa. Daga nan sauran suka fara zuwa ɗaya-ɗaya.

Ni kuwa na koma shayi ba sukari, abin da har gobe ban yafe ba. Tuwo malmala ɗaya, Islamiyya da ƙafa maimakon keke napep. Baƙin ya ragu sosai, bai tafi duka ba, kuma na daina damuwa da shi. Yanzu in na ga irinsa a ɗakin wanka, hannuna ba ya tsayawa. A wajen masu rai ne nake tsayawa, in ja mace gefe in ce ta je a auna ta, ta ji haushi in ta ga dama.

Abin da bai bar ni ba shi ne, shekara nawa muna zaune da ƙawata a benci ɗaya, tana shan ruwa leda bayan leda ina yi mata tsiya, abin yana nan ƙarƙashin hijabinta, tazarar hannu ɗaya daga ni. Ban gan shi ba sai ranar da ganin ba shi da amfani, kuma da na gani, cuɗawa na yi.

Da mutane suka watse ranar arba'in ɗin, ɗiyarta ta zo ta ɗauki ɗankwalina daga ƙasa ta kakkaɓe. Ta tsaya a bayana ta daɗe tana kallon wuyana. Ta ce a hankali, "Inna, irin wannan ne?"

Na ce, "Ni ba na faɗin abin da na gani a ɗakin wanka."

Ta ce, "To." Ta ɗaura mini ɗankwalin da hannunta, ta koma ciki, na ji tana ce wa ƙannenta a tankaɗe garin kuka da yawa, gobe tukunya uku za ta ɗora.